Ba A Ba Kura Ajiyar Nama: Kan Haɗa Manya Da Ƙananan Kifaye A Akwati Ɗaya



Yau maganar kifi zan yi, amma ba na miya ba. Ina nufin kifin ado da ake kiwo cikin akwatin gilashi, wanda ake kira akwariyom. Duk mazaunin Legas ya san abin ya zama ruwan dare, a otal, a shagon aski, a falon masu hali, har samarinmu na Agege da Idi-Araba sun fara shiga harkar. Abin sha'awa ne kuwa, ba na musu. Sai dai akwai ganganci guda da kusan duk sabon shiga ke yi, wato ya kwaso 'yan ƙananan kifaye masu yawo ƙungiya-ƙungiya, ya zuba su tare da manyan kifaye dangin karfasa, wai don akwatin ya yi kyau. A ganina wannan asarar kuɗi ce kuma asarar rai ce, in dai ba a cika wasu sharuɗɗa ba.

Bari in fara da bayani. Karfasar nan da muke ci tana da dangi mai yawa, ana kiran su siklid, sun haura nau'i 1,500, galibinsu a Afirka da Kudancin Amurka. A cikinsu akwai Oska, ɗan kogin Amazon, wanda ke kai santimita 30 ko fiye, wato ƙafa guda cur. Akwai Enjel mai faɗi kamar faifai. Akwai kuma Juwel mai ja, wanda shi namu ne na Afirka. A ɗaya ɓangaren kuma ga irin su Niyon Tetra, ɗan ƙaramin nan mai layin shuɗi da ja, wanda ko ya tsufa da ƙyar yake kai santimita 4. Shi ba ya zama shi kaɗai, sai cikin 'yan uwansa, don yawan nan nasu shi ne garkuwarsu a kogi.

To, dokar ruwa guda ce mai sauƙi: duk abin da ya shiga bakin kifi, abinci ne. Ba mugunta ba ce, haka aka halicce shi. Matsalar ita ce a shagon mai sayarwa duk ƙanana za ka gan su. Oskan da za a miƙo maka cikin leda bai fi ɗan yatsa ba, yana ta wasa tare da Niyon kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Amma a shekararsa ta farko yana iya ƙara kusan inci guda duk wata, shi kuwa Niyon yana nan inda yake. Bayan 'yan watanni sai mai akwati ya fara ƙirga, yau 10, jibi 8, mako mai zuwa 5, kuma babu gawa ko ɗaya a ƙasa. Ko Enjel da ake gani salihi, in ya girma haka yake ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, musamman idan duhu ya fara, lokacin da ƙananan suka yi lamo.

A nan ina da magana da masu sayarwa. Ni ɗan ɗan kasuwa ne, a gindin tebur na tashi, kuma abin da aka koya mana shi ne ciniki ba na yau kaɗai ba ne. Idan mutum ya nuna kifi biyu ya ce "za su zauna tare?" ka san amsar, to faɗa masa gaskiya. Wanda ka ce wa "babu matsala" don ka sayar da leda biyu maimakon ɗaya, ranar da ya gane zai bar shagonka, wataƙila ma ya bar kiwon gaba ɗaya ya juye akwatin ya zama wurin ajiye takalma.

Bayan ci, akwai faɗa. Dangin karfasa kifaye ne masu kula da 'ya'yansu, wasu ma a baki uwa ke riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe. Da zarar Juwel biyu sun zaɓi dutse sun zuba ƙwai, to duk wanda ya gifta abokin gaba ne. A kogi wanda aka kora sai ya yi gaba abinsa. A akwati mai tsawon ƙafa biyu ina zai je? Sai ya lafe a kusurwa ana yagar wutsiyarsa har ya mutu. Wanda ke ganin na cika baki ya tuna da tafkin Biktoriya da ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, tafki mafi girma a Afirka. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a cikinsa, irin wadda muka sani a tafkin Chadi, zuwa shekarun 1980 masana suka ƙiyasta kusan nau'i 200 na ƙananan dangin karfasa sun ɓace ko sun kusa. Idan faɗin tafki bai ceci ƙarami ba, gilashin falo ne zai cece shi?

Sannan ko ruwan ma ba ɗaya suke so ba. Kifayen tafkin Malawi masu launin shuɗi da rawaya, ruwa mai kanwa-kanwa suke so, shi kuwa Niyon ruwan daji mai ɗan tsami ya saba da shi. Ka haɗa su, dole ɗaya ya zauna a takure.

Na san wani zai ce, "Ai ni na haɗa nawa tun suna yara, ina ƙosar da su, shekara guda ke nan babu abin da ya faru." Ban ƙaryata ka ba malam, amma hali zanen dutse ne, ƙoshi ba ya goge shi. Kuma rashin mutuwa ba shi ne zaman lafiya ba. Duba da kyau, in ƙananan sun daina fitowa fili, launinsu ya dushe, ba sa isa ga abinci, to a tsorace suke, kuma kifin da ke cikin tsoro shi cutar fararen ɗigo ke fara kamawa.

Amma fa akwai gaskiya guda a wajen masu son haɗawa, ba zan ɓoye ta ba. Babban kifi mai kunya idan ya ga ƙungiyar ƙanana na yawo a sama hankali kwance, sai ya gane babu hatsari, shi ma ya fito. Saboda haka haɗin yana da amfani, zaɓin ne ke buƙatar hankali. Ga abin da nake ba da shawara:

Na farko, auna da girman da kifi zai kai, ba girman da ka saye shi ba. Ga mai Oska, abokin zama irin Silba Dala ne, mai faɗi kamar kwabo babba, yana kai santimita 15, baki ba zai ɗauke shi ba. Kuma Oska guda ɗaya kansa yana buƙatar wajen lita 280 na ruwa.

Na biyu, kada ƙungiyar ta gaza 6, in da hali 10, kuma su riga babban shiga akwatin, a sa musu duwatsu da itace da za su raba idon mai kora da wanda ake kora.

Na uku, kada a cika akwati. Mun san yadda wuta take a ƙasar nan, da an ɗauke injin hura iska ya tsaya, akwatin da ya fi cunkoso shi ke fara asara.

Na huɗu, in akwatinka ƙarami ne, me zai hana ka nemi na gida? Kiribensis ɗan dangin karfasa ne da asalinsa ruwayen kudancin Nijeriya ne da gaɓar Kamaru, namijin yakan kai wajen santimita 10, macen kuma cikinta ja ne jawur, masu kiwo a Turai da Amurka sun daɗe da saninsa. Ka kife masa rabin ɓawon kwakwa ya yi ɗaki, ka sa masa Kongo Tetra masu kai santimita 8 su riƙe sama. Shi ma yana zafi in ya yi 'ya'ya, amma kowa da muhallinsa, kuma babu mai haɗiye wani.

Kifin da ka rufe a gilashi bai da zaɓin maƙwabci, kai ka zaɓa masa, don haka haƙƙinsa na wuyanka. Kafin ka zaro kuɗi ka tambayi abu biyu: ina girmansa zai tsaya, kuma me yake ci? In mai shago ya kasa amsawa, ka mayar da kuɗinka aljihu ka je ka yi bincike tukuna.

Allah Ya sa mu dace.