Giyar Atomatik Ba A Fasa Ta A Gindin Bishiya

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Jega a lokacin cirar albasa, ya dubi ƙananan motocin da ke shigowa daga wajen Aliero da waɗanda ke haurowa daga Maiyama, zai lura da wani abin da ya sake. A da, motar manomi da ɗan kasuwa ita ce Peugeot, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da sauran motoci masu giyar hannu. Waɗannan kuwa babu bakaniken da bai san su kamar yunwar cikinsa ba. Amma yanzu yawancin tsofaffin motocin da a ke kawowa daga Amurka, su Camry da Corolla da Sienna da Accord, masu giyar atomatik ne, watau giyar da ke sauya kanta ba tare da direba ya taka kuloci ba. Manyan motocin da ke kwasar albasa zuwa Ikko da Anaca har yanzu galibinsu na giyar hannu ne. Amma motar da ke kai taki gona, ta ɗauko buhuna zuwa kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, sau da yawa atomatik ce.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi a wannan shekara, kayan mota sun yi tsada ƙwarai. Tsohon akwatin giya, wanda a ke sayowa a kasuwar Ladipo ta Ikko, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ya kan cinye kuɗin buhunan albasa masu dama. Saboda haka in giya ta fara santsi, inji na ruri mota ba ta ja, sai mai mota ya shiga lissafi. Ga ɗansa da wayar hannu, ya ga wani a cikinta ya kwance irin wannan akwati ya mayar cikin 'yan mintoci. Ga sufana a gida, ga inuwar dogon yaro a ƙofar gida. Me zai hana a gwada?

To, abin da ya kamata jama'a su sani shi ne, kula da wannan giya aikin mai mota ne, kuma zai iya yinsa da hannunsa. Amma fasa ta a sake ɗinka ta wani aiki ne dabam, wanda ke bukatar tsabta da awo da lokaci. Wanda ba shi da waɗannan uku, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

ABIN DA KE CIKINTA

Wannan giya ba sabon abu ba ne a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da ita a cikin motar Oldsmobile ta 1940. Ba kuma tsafi ba ne, mai noman rani ma zai fi kowa saurin gane ta, domin aikinta aikin ban ruwa ne.

A tsakanin inji da akwatin giya akwai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu da aka kifa wa juna aka liƙe da walda, cike ya ke da mai. A cikinsa akwai fanka biyu suna fuskantar juna. Inji ya juya ɗaya, ta watsa mai, man ya juya ɗayar. Wannan ƙwarya ita ce a madadin kuloci, ita ce kuma dalilin da ya sa mota ta kan tsaya tana cikin giya inji bai mutu ba. A bayanta akwai famfo mai tura mai da ƙarfi. Sa'an nan akwai jerin faifai sirara masu fuska irin ta takarda, waɗanda kanikawa ke kira faiba, an jera su tsakanin faifan ƙarfe. In mai ya matse wani jeri, sai giya ta ɗaya ta kama. In ya saki wannan ya matse wani, sai ta biyu ta shiga.

Mai rarraba man kuwa wani faranti ne da ke cikin akwatin, cike da 'yan hanyoyi kamar magudanan lambu. Yadda mai ban ruwa ya ke toshe wannan hanya ya buɗe waccan don ruwa ya shiga fangalin da ya ke so, haka 'yan makullai na lantarki ke yi a cikin farantin nan, bisa ga umarnin kwamfutar mota. Bambancin kawai shi ne, waɗansu ƙofofin ba su fi kaurin allura ba. Manomi ya san yadda ɗan tsinke ke toshe bakin tiyo. To, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta liƙe makulli a cikin giya.

ABIN DA KE KASHE TA

Babban abokin gabarta zafi ne. Man giya ya fi son ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. In ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya fara ƙonewa, robobin da ke riƙe shi su ƙandare, faiba ta cinye. A watan Maris da Afrilu, daidai lokacin da a ke jigilar albasa, zafin rana a ƙasar Gwandu ya kan wuce digiri 40. Ƙaramar mota kuwa an yi ta ne don mutum biyar da 'yan kayansu, watau kilo 400 zuwa 500. Babban buhun albasa ɗaya ya kan kai kilo 100 ko fiye. Wanda ya cusa buhu takwas, ya ɗora mutane a kai, ya bi hanyar fadama mai yashi a tsakar rana, shi ne ya dafa giyarsa, ba masu ƙera mota ba.

Na biyu shi ne man da bai dace ba. Man giyar hannu mai kauri ba ya shiga atomatik, baƙin man inji ma haka. Ko a cikin man atomatik, ba jan launi ke nuna iri ba. Waɗansu motocin Toyota na shan T-IV, waɗansu WS, Honda kuma da nata. Akwai ma wata irin giya mai aiki da bel na ƙarfe, wadda a ke kira CVT, ita kuwa in an zuba mata man waɗancan ta lalace. Mai sayar da mai a galan marar suna ba shi zai biya kuɗin gyara ba. Araha ba ta ado.

Na uku ruwa ne. Wanda ya kutsa cikin kwari da damina, ko wanda bututun sanyaya man giya ya fashe a cikin lagireto, zai ga man ya koma kamar an dama shi da nono. Ruwa kuwa shi ke ɓamɓare fuskar faiba. Na huɗu shi ne ja da igiya. Famfon giya ba ya aiki sai inji na juyawa. In mota ta mutu a hanyar Maiyama aka ɗaure ta aka ja ta har Jega, ƙafafun da ke ja suna ƙasa, to ƙarafan ciki sun yi ta gugar juna babu mai. Irin wannan mota ɗora ta a ke yi a kan wata. Ba a kuma tura ta don ta tashi.

AIKIN MAI MOTA

Ga abin da kowane mai mota zai iya yi ba tare da ya biya kowa ba. In motarsa na da sandar awon man giya, ya zare ta sau ɗaya a mako, ya goga a farin ƙyalle, ya duba, ya shinshina. Mai lafiya ja ne garau. In ya yi duhu yana warin ƙauri, lokacin sauya shi ya yi, ko ma ya wuce. Yawancin motoci a kan auna su a wuri mai daidai, inji na aiki kuma ya yi zafi, amma Honda sai an kashe inji. Kamfanoni da yawa su kan ce motar da ke aikin wahala a sauya mata mai a wajen kilomita 40,000 zuwa 60,000. A tuna kuwa, in an kwance noti an tsiyaye, ba duka ke fita ba, mai yawa ya kan saura a cikin ƙwarya.

Ya riƙa wanke lagireto daga ƙura da ƙaiƙayi, ya tabbata fankarta na aiki. Mai yawan ɗaukar kaya ya sa a ƙara masa ƙaramar lagireto ta man giya, kuɗinta bai kai kusa da na akwati ba. Kada ya sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba. In ya kafe a yashi, ya sauke kaya, maimakon ya yi ta taka totur yana jan giya gaba da baya.

In kuwa giya ta fara gardama, kada a yi saurin cewa ta mutu. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke jona na'urar da ke karanta ciwon mota. Sau da yawa laifin na waya ce da ɓera ya ci, ko makullin lantarki ɗaya, ko ƙarancin mai. Waɗannan ana gyara su ba a sauke akwati ba. Sauke akwati kafin a tambayi na'ura kamar rushe ɗaki ne don a kama jaba.

IN YA ZAMA TILAS A FASA

Wani zai ce, ai mutanen ƙasar nan ba ragwaye ba ne. Su ke kwance injin ban ruwa a bakin gulbin Zamfara su mayar, kanikawan da a ke yabo kuma duk da gwaji suka koya. Wannan gaskiya ne, ba kuma a ce aikin ya fi ƙarfin Bahaushe ba. Amma injin ban ruwa na yafe kuskure, giyar atomatik ba ta yafewa. A Aliero, inda a ke kawo masu karaya daga nesa don ɗori, kowa ya san ba ƙarfin hannu ke haɗa ƙashi ba. Maɗori ya kan shekara da shekaru a gaban mahaifinsa yana kallo kafin a bar shi ya taɓa ƙafar mutum. Wanda ya yi ɗori da karambani, gurgu ya ke bari.

Wanda ya ƙudura sai ya yi da kansa, to ya cika waɗannan sharuɗɗa. Ya sami ɗaki mai daɓen siminti da ƙofa, da tebur mai tsabta, ba fili ba, balle a cikin hunturu sa'ad da ƙura ke sauka a kan kome. Ya sami littafin wannan akwati, da lambarsa daidai, domin mota iri ɗaya ta kan zo da akwati iri biyu. Ya sayi cikakken kunshin gyara, faiba da robobi da gaskit da matata, kada ya mayar da tsohuwar roba ko ɗaya. Ya jera kayan bi da bi yadda suka fito, yana ɗaukar hotonsu. A cikin farantin rarraba mai akwai 'yan ƙwallaye kamar ƙwayar dawa. In ɗaya ta gangara ta ɓata, ko ta koma ramin da ba nata ba, giya ba za ta sauya daidai ba. Kada ya goge kaya da tsumma mai zare. Ya jiƙa sabuwar faiba a cikin man giya kafin ya jera ta. Ya auna ratar da ke cikin kowane jeri da ma'auni, domin ba ta kan wuce milimita ɗaya ko biyu ba, ido kuwa ba ya ganin wannan. Noti kuma a ɗaure shi da sufana mai awo, gama jikin akwatin gorar ruwa ne, mai saurin cin zare.

Har wa yau akwai wurare biyu da masu gwaji su kan faɗi. Ƙwaryar nan a liƙe ta ke da walda, ba a buɗe ta a gida, kuma garin tsohuwar faiba na ɓoye a cikinta da cikin bututun lagireto. In ba a sake ta ba, ba a kuma wanke bututun ba, dattin zai koma ya kashe sabon aiki. Sa'an nan wajen mayarwa, in ƙwaryar ba ta zauna sosai a cikin famfo ba aka ɗaure noti da ƙarfi, famfo ya fashe tun mota ba ta motsa ba.

Lokaci ma abin dubawa ne. Wanda bai taɓa yi ba, aikin zai ɗauke shi kwanaki, in wani abu ya ɓace kuma sai an aika Kano ko Ikko. Albasar da aka cire ba ta jiran kowa. Wadda aka bari a rana ta kan ruɓe, wadda ba ta kai rudu ko kasuwa da wuri ba kuwa sai a sayar da ita yadda dillali ya ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son ya koya, ya nemi mataccen akwati ya koya a kansa bayan an gama jigila, kada ya fara da motar da gidansa ke ci da ita. Wanda kuma ya zaɓi sayen tsohon akwati, ya duba lambar ta yi daidai da tasa, ya ƙulla sharaɗin mayarwa a gaban shaidu kafin ya ba da kuɗi.

SHAWARA GA MANYA

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba, jama'a za su iya. Ya kamata ƙungiyoyin manoman albasa da na direbobi a Jega da Aliero da Maiyama su haɗa kai da ƙananan hukumominsu, a gina ɗaki guda mai tsabta, a sa masa na'ura da ma'aunai, a zaɓi samari masu natsuwa daga cikin yaran kanikawa a koya musu wannan aiki sosai. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ga kuma kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, duka suna da malaman injiniya. Gajeren kwas na lokacin damina ba zai gagare su ba, in an nema. Kuɗin da a ke kaiwa Ladipo a sayo akwatin da ba a san cikinsa ba, ya fi kyau ya tsaya a Jega a hannun wanda za a iya komawa wurinsa gobe.

Kafin wannan ya samu, mai mota ya riƙe nasa rabon aikin: ya duba mai, ya rage lodi, ya tambayi na'ura kafin ya ɗauki sufana. Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya.