Ido Ba Ya Ganin Guba

Jama'a, ido ya san kima, amma bai san guba ba. Daga 2008 zuwa 2009 maganin fitar haƙori, My Pikin, ya kashe yara 84 a Nijeriya, don akwai guba ciki. A 2010 hukumar NAFDAC ta soma aiki da na'urar TruScan. Tana harba hasken lesa cikin kwalba, ba sai an buɗe ba. In hasken ya dawo, kowane sinadari da tambarinsa, watau jabu ba ya ɓuya.

To, don me talakan Bebeji da Doguwa zai sayi magani da ka? A kawo ta kasuwar Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, a gwada gaban kowa. Ɗan kasuwa na gari ba ya tsoron awo.