Jar Tawada a Baƙin Allon Kwamfuta

Kowane malami ya san amfanin jar tawada. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in 'yan'uwanmu masu koyon aikin kwamfuta a nan Gidan Waya suna so manhajar da suka rubuta ta nuna amsar daidai da kore, kuskure kuma da ja. Abin da kyau, amma fa akwai magana.

Ga yadda launi ke fitowa a baƙin allon nan da ake kira taminal. Manhaja takan aika da wata ɓoyayyiyar alama mai lamba 27, sa'an nan [31m, sai rubutu ya koma ja. In [32m ne, sai kore, [0m kuwa shi ke mai da kome yadda yake dā. Tushen wannan ƙa'ida shi ne ECMA-48, wadda aka tsara a Turai cikin 1976. Linux da macOS sun daɗe suna jin wannan harshe. Amma baƙin allon Windows bai fara ji ba sai a Windows 10, wadda ta fito cikin 2015.

To, in aka tura mu koyarwa Kagoro, ko Zonkwa, ko Kwoi, wace irin kwamfuta za mu tarar? Kada mu yi mamaki in tsohuwa ce mai Windows 7. Can yaro ba zai ga ja ba, sai tarkacen alamu gaban kowace kalma. Nan da nan tsoro ya kama shi, yana tsammani shi ya ɓata na'urar makaranta. Ban da wannan kuma, akwai yaran da idonsu ba ya rarrabe ja da kore tun haihuwa, galibinsu maza.

Shawarata uku ce. Ta fari, kalma ta riga launi: a rubuta DAIDAI ko KUSKURE sosai, launi ya biyo baya. Ta biyu, mai rubutu da Python ya nemi colorama, gama ita ke yi wa tsohuwar Windows tafinta. Ta uku, kowa ya gwada aikinsa a kwamfutar da ta fi tsufa kafin ya kai shi gaban aji.

'Yan'uwa, ba domin ado muke koyarwa ba, domin yaro ya gane ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.