Nasiha Ga Mai Niyyar Gina Ɗakin Haya a Ƙasar Shanga

 Akwai wata magana da ta yawaita a zaurukan Shanga, da Yelwan Yawuri, da Wara. Mutum yana da sauran fili a gefen gidansa, sai a zuga shi ya ta da ɗaki biyu ko shago ya sa haya, tun da ga ma'aikata, ga fataken kifi da albasa, ga masu haƙar zinariya, ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa.

Haya halal ce, babu saɓani. Amma halaccin abu daban, dacewarsa da mutum daban. Abin da ya fi shi ne kada a yi ginin haya sai da rarar dukiya, a filin da babu haƙƙin kowa, nesa da hanyar ruwa.

Da farko a dubi kuɗin. Jarin falke yana juyawa kowace ranar kasuwa, amma siminti da kwanon rufi in suka shiga gini sun kwanta. Idan hayar shekara ushirin abin da aka kashe ce, watau kashi ɗaya cikin 10, to, sai an shekara 10 kāna uwar kuɗi ta komo, ban da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa, ban da gyaran yoyo da ɓarnar gara. Baƙon kasuwa kuwa ɗan lokaci ne, in albasa ta ƙare ya naɗe tabarmarsa. Wanda ya karya jarinsa don haka ya yanka saniyar tatsa, wanda ya ci bashin riba kuma ya haɗa asara da zunubi.

Na biyu a dubi filin. Yawancin gidaje na gado ne da ba a raba ba, akwai rabon mata da na marayu a ciki. Wanda ya yi gini a nan ba da yardar magada ba ya shuka husumar da 'ya'yansa za su girba a gaban alƙali. A raba gado tukuna, a kafa shaidu, mai unguwa ya sani, a nemi takarda, gama bisa dokar filaye ta 1978 Ƙaramar Hukuma ce ke ba da iznin filin karkara.

Na uku a dubi ruwa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, sai da aka ta da mutum fiye da 40,000 daga tsibirai da bakin kogin Kwara, tsohon garin Busa ya nutse. Tun daga nan ruwan tafki yana ja da baya da bazara, ya komo da ƙarshen damina, sa'an nan wani ruwan ya biyo daga ƙasar Mali da hunturu. Saboda haka wanda ya auna fili da bazara bai ga gaskiyarsa ba. Sai ya tambayi dattawan unguwa inda ambaliyar 2012 da ta 2020 suka tsaya, ya yi gini sama da nan.

Na huɗu a dubi mutunci. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya hana a buɗe taga mai leƙa maƙwabci, ko ƙofa daura da ƙofarsa. To, ina ga iyalin mai gida? Lalle ɗan haya ya sami ƙofarsa ta waje da makewayinsa, kada baƙon namiji ya riƙa ratsa tsakar gida, kada kuma indararo ya zuba a katangar wani.

In waɗannan sun cika, sai a yi gini da bisimilla. A yanke kuɗin haya da wa'adinta, a rubuta gaban shaidu, har da wanda gyara zai hau kansa. A mazhabar Malik haya ba ta warwarewa don mai gida ko ɗan haya ya rasu, saboda haka magada ba su da ikon korar gwauruwa da marayu kafin wa'adi. Babu zakka a kan ɗakin, sai a kan kuɗin hayar, in sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo a kansu bayan karɓa. Wanda aka koro daga ƙauyensu kuwa, kada a tsawwala masa don an ga ba shi da mafita.

In ɗaya ya gaza, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kewaye filin, a dasa mangwaro, a jira buɗi, ga yara suna tasowa, gobe su ma za su nemi ɗakin aure. Allah shi ne masani, Allah ya sa a dace. Haza wassalam.