Ofishin Alƙali Ba Falon Alhaji Ba Ne

'Yan uwa marubuta, wannan makon da mu nake, musamman masu sakin labari a WhatsApp da Wattpad. Da zarar labari ya shiga ofishin alƙali sai a hau lissafin kaya: kujerun alfarma, labule ɗan Dubai, sanyin AC, ƙamshin turare. Goge "alƙali" ka sa "Alhaji", babu abin da zai canja.

Wane alƙalin ma tukuna? Na Babbar Kotu daban, majistare daban, na kotun Musulunci daban. Ofishin mai shari'a na Babbar Kotu, baƙar riga ce a rataye, da hular gashin da muka gada daga Ingila, da jerin kundayen hukunci irin NWLR da Gani Fawehinmi ya fara fitarwa a 1985. Alƙalin kotun Musulunci kuwa Tuhfa da Muhtasar da Risala ne a gabansa. Amma sai ka ga an ɗora wa mutum ɗaya rawani da hular gashi a babi guda. Haba!

Kuma ina takardu? Ɗakin nan tulin fayil ne, da babban littafin da alƙalai da yawa ke rubuta bayanan shari'a a ciki da hannunsu har yau. A nan yake zama shi kaɗai da rayuwar wani a gabansa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ƙofa. A labaranmu kowa turawa yake ya shiga, ya dire jakar kuɗi, an gama. Alhali fiƙihun Malikiyya da ƙa'idar kotunan boko duk sun hana alƙali keɓewa da ɓangare ɗaya a kan shari'ar da ke gabansa. Akwai magatakarda, akwai ɗan sanda a bakin ƙofa. Ban ce ba a cin hanci ba, ai NJC ta sha hukunta alƙalai. Amma mai bayarwa sai ya nemi ɗan aike, sai ya ji tsoro, kuma nan labarin yake. Mu sai mu tsallake shi a layi biyu.

Za a ce ai ƙirƙira ce. To, wadda ke karanta mu wataƙila gobe za ta kai ƙarar ciyar da 'ya'yanta, ba ta taɓa taka kotu ba, mu kuma mun riga mun gaya mata an sayar da shari'ar tun a ofis. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, ƙarfe tara ake farawa, benci kuma kyauta ne.