MAI LAMBU YA FARA DA MAƘERA

Ga ruwa ya fara janyewa daga fadamun Haɗeja, masu lambu a Auyo da Kirikasamma da Guri suna shirin rani. A wannan lokaci ne mutum ya kan sayar da ɗan abin da ya samu na damina, ya nufi kasuwa sayen kayan aiki. To, a nan ne da yawa su ke yin kuskure. Mai ɗan lambun bayan gida, wanda fangalinsa bai wuce goma sha biyu ba, sai ya ci bashi ya sayi injin ban-ruwa don ya ga maƙwabcinsa ya saya. Wannan ba dabara ba ce. Daidai ruwa daidai tsaki.

Abu na fari da za a duba shi ne ƙasa. Ƙasar tudu jigawa ce, watau rairayi, har daga gare ta jihar ta sami sunanta sa'ad da aka kafa ta a 1991. Fartanya mara nauyi ta ishe ta. Amma ƙasar fadama laka ce, in ta bushe sai ta tsage ta yi tauri kamar dutse. Ita sai garma mai kaurin baki, wadda maƙeri ya ƙera da ƙarfen sifirin mota. Ta kanti mai fenti ta fi kyaun gani, amma in bakinta ya lanƙwashe ba mai gyara ta. Ta maƙera kuwa, ko ta dakushe, a kan mayar masa ya koɗa ta da kuɗi kaɗan. A duba ƙota kuma. Ta aduwa ko ta marke ta fi ƙarko, a tabbata ba ta da gara.

Na biyu adda. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sake. Wuraren da a da su kan bushe ƙurmus da rani yanzu ba su rabuwa da ruwa, saboda haka kacalla ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa. Mai lambu a bakin kogi lalle ya nemi adda mai kaifi, ya riƙa saran kacalla a ƙarƙashin ruwa domin saiwar ta ruɓe. In an sare ta a sama, tsirowa za ta yi.

Na uku abin ban-ruwa. Guga da bokiti da gwangwani mai huje-huje sun isa renon irin albasa da tumatir da latas. Ruwan tiyo yana da ƙarfi, ya kan tone ƙaramin iri ya kwantar da dashe.

Wani zai ce ai zamanin jigo ya wuce, samari ba su yarda da wannan wahala. Gaskiya ne, wanda ya ke noman kadada guda don kai kaya Kano ba shi da makawa sai inji. Amma inji ba ya shan ruwa, fetur ya ke sha, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗinsa ya ninka. Ga bakanike, ga kayan gyara. In tumatir ya faɗi a kasuwa, mai bashi ba ya jira. Waɗanda lambunansu su ke jere da juna gara su haɗa kuɗi, mutum huɗu ko biyar, su sayi ɗaya suna karɓa-karɓa.

Ɗan kasuwa mai sayar da kaya, da malamin gona mai ba da shawara, su ma su ji tsoron Allah, su tambayi mutum girman lambunsa kafin su ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Lambun ne zai sayi inji da ribarsa in lokaci ya yi.

Allah ya ba da rani mai albarka, amin.