Rawar vogue, 'yan daudu, da yaran da muke kora daga gida 🧵

1/ Bidiyon rawar nan ta vogue yana ta yawo a TikTok, samarinmu na turawa a groups suna dariya da tsinuwa. Ni a nan Kura nake, kuma ina ganin rawar kawai kuka kalla, labarin da ya haife ta ya wuce ku. Ku biyo ni a hankali.

2/ A unguwar Harlem ta New York ta girma, cikin matasa baƙaƙen fata da 'yan Latin masu neman jinsi da masu sauya jinsi. A 1967 Crystal LaBeija ta fice daga wata gasar kwalliya a fusace, tana cewa farare kaɗai ake bai wa kambu. A farkon shekarun 1970 aka kafa House of LaBeija.

3/ Wannan "gida" shi ne zancen. Yaron da iyayensa suka kora sai ya samu wadda ake kira uwar gida: ta ba shi wurin kwana da abinci, ta yi masa faɗa, ta kai shi asibiti. Fim ɗin Paris Is Burning na 1990 ya nuna haka. Ɗaya daga cikin 'yan fim ɗin, Venus Xtravaganza, an kashe ta a 1988, fim bai ma fito ba. Da kanjamau ta yi ta ɗauke su, a wuraren rawar nan aka riƙa wayar da kai da gwaji.

4/ Kar wani ya ce min "abin Turawa ne". 'Yan daudu sun daɗe a ƙasar Hausa. Tambayi manya wa ke tuya da dafa abinci a tashoshin mota da kasuwanni a da, wa ke rawa a biki da wajen bori. Rudolf Gaudio ya yi bincike a Kano, ya fitar da littafin Allah Made Us a 2009. Ya tarar da babban ɗan daudu na zama "uwa" ga ƙarami, ya koya masa sana'a, ya riƙe shi. Ba wanda ya kwaikwayi wani, korar ce iri ɗaya.

5/ Na san abin da malamai suka ce, na san doka. Kano ta ɗauki shari'a a 2000. A Janairun 2014 Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta tanadi shekara 14 ga auren jinsi, 10 ga masu kafa ƙungiya. A Disambar 2022 Hisbah ta kama mutum 19 a Kano kan zargin irin wannan biki.

6/ To amma wace aya ce ta ce ka tara 'yan unguwa ku lakaɗa wa yaro duka, ka ɗauki bidiyo kana neman likes? Shari'ar da kuke kira tana neman shaidu da alƙali, ta kuma hana bin diddigin sirrin mutane. Wani ma tafiyarsa ko muryarsa ce kawai laifin, wallahi.

7/ Wani bincike da aka yi a Abuja, aka wallafa a mujallar Lancet HIV a 2015, ya gano cewa bayan dokar 2014 tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin maza masu neman maza. Wanda ya guji gwaji, cutar ba a jikinsa za ta tsaya ba, don da yawansu iyaye na matsa musu su yi aure.

8/ Yaron da aka kora daga Kura ko Bunkure ba ya ɓacewa. Motar Kano zai hau, ko ta Abuja, ya bar aikin shinkafa da tumatir, ya kwana a tasha. Wanda ya fara miƙa masa tuwo, ko na kirki ko mugu, shi zai riƙa kira uwa, mahaifiyarsa kuwa tana nan gida ba ta da ko lambar wayarsa.